Maɓallin da Bai San Sunansa ba

(Dolo ya shigo da kibod a hammata, waya a hannu. Malam na zaune. Sarkin Gardama na gefe yana jiran a faɗi magana ya musa.)

DOLO: Allah gafarta Malam, kibod ɗin nan maƙaryaci ne. Na haɗa shi da waya ta Bluetooth, na danna A, sai Q ta fito. Na ƙara masa ƙarfi, Q bakwai suka fito.

MALAM: Kana zaton maɓallin ya san sunansa A?

DOLO: Ga shi a rubuce a goshinsa!

MALAM: Fenti ne, don idonka aka shafa. Shi gurbinsa kawai ya sani. In ka danna shi, kibod zai ce wa waya: an taɓa lamba 4. Iyakar saƙon ke nan.

SARKIN GARDAMA: Ƙarya ne. Ni 30 na ji.

MALAM: Yau ka yi tuntuɓe da gaskiya. 4 ɗin yaren USB da Bluetooth ne. Da ta shiga waya, sai Linux, wanda a kansa aka gina Android, ya ce a gidana 30 kike. Shi ma gado ya ci, don tun a kwamfutar IBM ta 1981 lambar gurbin nan 30 ce.

SARKIN GARDAMA: Tunda ka yarda, na janye. Ba 30 ba ce.

MALAM: Ka sake yin daidai, Allah ya shirye ka. Android na da fayil mai ƙarewa da .kl, tafinta ne. A cikinsa akwai layi mai cewa "key 30 A". Daga nan 30 ta koma 29.

DOLO: An rage ɗaya! Tafinta ya cire ladansa.

MALAM: Bai ci komai ba, kowa da ƙidayarsa. A wurin Android, 30 B ce.

DOLO: To 4 ɗin farko fa?

MALAM: A wurinsa 4 maɓallin komawa baya ne.

DOLO: Innalillahi! Ashe ba don tafinta ba, ina cewa "assalamu" wayar za ta juya ta tafi abinta.

MALAM: Tsaya, da saura. 29 ɗin ba harafi ba ce tukuna. Akwai wani fayil, mai ƙarewa da .kcm, shi ke dubawa ko ka danne Shift. In ba ka danne ba, ya ba da 97, ƙaramar a. In ka danne, 65, babba.

DOLO: (yana ƙirga da yatsu) 4, 30, 29, 97. Harafi ɗaya suna huɗu, sai ka ce wanda ake bi bashi.

SARKIN GARDAMA: Ɓata lokaci ne. Me ya hana maɓallin ya faɗi harafinsa tun farko kowa ya huta?

MALAM: To faɗa min harafin maɓallin ƙara murya.

SARKIN GARDAMA: ...Ban yarda da tambayar ba.

MALAM: Ba shi da harafi. Linux ya ce 115, Android ya ce 24. Na kunna waya 116 ne, ya koma 26. Sannan masu ƙera kibod suna da yawa. Waya kan nemi fayil mai ɗauke da lambar kamfani da ta samfurin, in ta rasa sai ta koma ga na kowa da kowa, Generic.kl. Kuma da kibod ɗaya mutum zai rubuta harshe goma, fayil kawai za a sauya, ba ƙarfe ba.

SARKIN GARDAMA: Na kama ka! Kibod na kan gilashin waya fa, ina gurbinsa?

MALAM: Wannan ba ya bin layin tafintoci. Yawanci rubutun yake miƙawa kai tsaye. Shi ya sa shafin intanet in ya tambayi lamba, sau da yawa 229 ake ba shi, ko wane harafi ka taɓa.

DOLO: Kowa 229? Wannan shi ne mai adalci.

MALAM: Miƙo wayar. (ya duba) Dolo! Wa ya zaɓi tsarin Faransanci?

DOLO: Ni ne. Na ga sunan ya fi daɗin faɗi.

MALAM: To ga ɓarawonka. Faransawa A suke sawa a gurbin Q, Q a gurbin A. A tsarinsu 30 Q ce, 16 kuma, lambar gurbin Q a ƙidayar Linux, ita ce A. Kibod bai yi ƙarya ba, 4 ya faɗa kamar kullum. Ka ɗauko tafinta Bafaranshe kana kukan ba ya jin ka.

DOLO: Wato A da Q musanyar wuri suka yi?

MALAM: Madalla, kai ya fara buɗewa. Bari in gyara.

(Malam ya duƙufa cikin saitin waya. Dolo ya juya baya, ya zaro wuƙa. Ana jin ƙas, ƙas.)

SARKIN GARDAMA: Malam, yaron nan...

MALAM: Kai dai yi min shiru, ko sau ɗaya a rayuwarka.

SARKIN GARDAMA: To.

MALAM: Na mayar da shi tsarin Ingilishi. Danna A.

(Dolo ya danna. Q ta fito.)

MALAM: Ba zai yiwu ba! Sake.

(Q.)

DOLO: Ikon Allah. Ga shi kuwa yanzun nan na ɓalle A da Q na musanya musu wuri, don in rage maka aiki.

MALAM: (ya dubi Sarkin Gardama) Kana gani ka ƙyale shi?

SARKIN GARDAMA: Ka ce in yi shiru. Karo na farko ke nan da na yarda da maganarka.

DOLO: Malam, a mayar da Faransancin, ko in sake ɗauko wuƙar?