Kallo Ya Zo Yi, Ba Bara Ba

'Yan'uwana matasa, ranar Lahadin da ta gabata, a wurin kallon ƙwallo a nan Jos, na ga wani magidanci a kan keken guragu wanda ya yanki tikitinsa kamar kowa, ya nemi gefe kusa da wayar shingen fili ya kafa kekensa. Ana take wasa sai samari suka yi dafifi a gabansa, har wani ya taka tayar keken domin ya ƙara tsawo. Da mutumin ya taɓa rigar ɗaya daga cikinsu don ya ɗan matsa masa, sai yaron ya amsa ba tare da ya waiwaya ba: "Allah ya ba da haƙuri, Baba, babu canji."

Wannan amsa ta fi tare masa gaba ɓata mini rai, domin ta nuna cewa a tunanin yawancinmu, duk mai buƙata ta musamman da ya shigo taro bara ce ta kawo shi. Wanda ya ɗauka bara ka zo yi, ina zai tuna cewa kai ma kana son ganin yadda ƙwallo ta shiga raga? Haka abin yake a filin Idi, a wurin musabaƙa, a bikin yaye ɗalibai, har ma a gidajen kallon ƙwallo na unguwa. Makaho zai zo da rediyonsa a kunne yana bin wasa tiryan-tiryan, wataƙila ma ya fi ka sanin sunayen 'yan wasan, amma sai ka ji wani yana dariya yana tambayar me makaho ya zo gani. Kurame za su zauna suna hirarsu da hannu, sai a zagaye su da wayoyi ana ɗauka ba tare da izini ba, domin a samu abin sa wa a TikTok. Wannan ciwon ɗaukar hoton mutane kuwa ya kai mu inda ko haɗari aka yi a titi, waya ake fara zarowa kafin a miƙa hannu.

Akwai kuma masu ganin taimako suke yi: su cafki keken mutum daga baya su tura shi inda bai ce ba, ko su damƙi hannun makaho su ja shi kiiii, ko su tambayi ɗan rakiyarsa "me yake so?" alhali ga shi zaune da bakinsa. Wasu kuma su jefa masa naira hamsin a cinya a gaban 'ya'yansa. Wannan ma zargin barar ne a cikin rigar tausayi.

Mutanen da kuke tsaye a gabansu fa su ne suka fitar da ƙasar nan kunya a wasannin duniya da aka yi a birnin Rio na Brazil a 2016, inda 'yan wasanmu masu buƙata ta musamman suka kawo lambobin zinare 8 daga gasarsu ta Paralympics, yayin da tawagar masu cikakkiyar lafiya ta dawo daga gasar Olympics da tagulla guda ɗaya tak. Dokar hana nuna musu wariya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce su ake fara saurare a layi, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su yi musu hanyar shiga, ta kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutumin da ya nuna musu bambanci. Amma wace doka ce za ta koya wa ɗan mutum ya waiwaya ya dubi wanda ke bayansa? Mu da muke karanta Suratu Abasa tun muna allo, mun san dalilin saukarta, mun kuma san cewa Abdullahi bn Ummi Maktum, makaho, shi ne Manzon Allah (SAW) ya sha bar wa riƙon Madina idan zai yi tafiya.

Lafiyar da kuke taƙama da ita aro ce. Mutum nawa ne suka bi ta Hawan Kibo, hanyar nan mai yawan haɗarin mota, da ƙafafunsu, suka dawo gida a kan keke? Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, sun kuma ce wanda bai ji bari ba, zai ji hoho. Ku gyara, ku yi wa kanku faɗa tun kafin duniya ta yi muku.

A da, idan gurgu ya doso dandali, yara ne ke rige-rigen buɗa masa hanya zuwa sahun gaba, kuma duk yaron da ya kuskura ya tsaya masa a gaba, dattijon da ke kusa zai ja masa kunne ko da bai san ɗan waye ba, sannan labari ya riga shi isa gida. Yanzu dattijon yana gani zai kau da kai, domin bai san abin da yaron ya sha ba, bai kuma san abin da ke cikin aljihunsa ba.