Mai Gyaran Wuta Ya Kusa Ƙona Mini Mota Wajen Ɗaura Oba-oba

Duk wanda ya saba bin hanyar Garwa zuwa Poli, ko yake nausawa dajin Faro da damina, ya san akwai wuraren da wayar salula ba ta da amfanin komai, kuma idan mota ta kafe a taɓo sai dai a zauna jiran ikon Allah. Wannan ne dalilin da ya sa na nemi lasisin masu sha'awar rediyo, wato masu magana da juna ta oba-oba, waɗanda a Kamaru lambar kiransu ke farawa da TJ, na kuma sayi oba-oba mai cin dogon zango ƙirar Yaesu FT-891 domin a ɗaura mini ita a Land Cruiser ɗina. Na kai aikin wurin wani mai gyaran wutar mota a nan Garwa, ya buga ƙirji ya ce wannan ƙaramin abu ne a wurinsa, ya karɓi kuɗinsa cif.

Rediyon nan wat 100 take fitarwa, kuma a lokacin da ake magana tana jan wutar da ta haura amfiya 20, shi ya sa ƙa'ida ita ce a ja mata waya mai kauri kai tsaye daga batir, a sa fis kusa da kan batirin. Mutumin nan sai ya jona ta da layin soket ɗin kunna taba, wanda galibi bai wuce amfiya 10 ba. Da fis ya ƙone a wurin gwaji, maimakon ya tsaya ya tambayi kansa dalili, sai ya naɗa zaren jan ƙarfe a gurbinsa ya mayar da murfi, bai faɗa mini ba. Wannan ha'inci ne da wasa da rayukan mutane, domin an yi fis ne don ya ƙone ya ceci mota.

A eriya ma haka ya yi aika-aika. Ya ɗaure ta a kan bamba ba tare da ya kankare fenti ba, alhali irin wannan eriya jikin motar ne rabinta, dole ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Ya kuma ja mata wayar dish ɗin talabijin mai om 75 (om shi ne ma'aunin turjiyar waya ga wuta), bayan wadda ake bukata mai om 50 ce.

Mun wuce gadar Binuwai da nisa, na danna makirfo domin in kira wani abokina a Ngaundare a zangon mita 40, rediyo ta nuna eriya ba ta karɓar wuta, ta rage ƙarfinta da kanta. Ina cikin sake gwadawa ƙaurin roba ya cika motar, hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashin sitiyari, ga yara biyu a kujerar baya, ga jarkokin gas a but. Da hannuna na cire kan batir, na tarar wayoyi sun narke sun manne da juna kamar ɗanko.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne amsar da ya ba ni da na koma garejinsa. Ko tashi daga kan benci bai yi ba, ya ce, "Alhaji, ai waya waya ce, rediyonka ce ba ta da kyau." Ina dalilin da zai sa mutum ya karɓi aikin da bai sani ba? Da ya ce mini bai taɓa ɗaura irinta ba, da na gode masa na nemi wani, babu wanda ya taɓa rasa mutunci don ya ce bai iya ba.

Na kai ƙara wurin shugaban makanikan unguwar, na ajiye masa narkakkun wayoyin da zaren jan ƙarfen a gabansa. Ina neman a mayar mini da kuɗin aiki, a kuma biya kuɗin sake wayarin motar, idan kuwa aka ƙi, maganar za ta kai gaban hukuma.