Tocila mai harba nesa da wadda ke aljihuna

Tocila uku gare ni, kuma wadda na fi kashe wa kuɗi ita ta fi daɗewa a durowa. Daren da na sayo ta na harba ta kan wata bishiya can nesa, ina ganin ganye ɗaya-ɗaya. Na ji daɗi, ba ƙarya. Bayan kwana biyu wani ƙaramin noti ya faɗa mini ƙarƙashin mota, na durƙusa na kunna ta. Sai wani farin haske da bai wuce faɗin tafin hannu ba ya dallare mini ido, gefe da gefensa kuwa duhu dunɗum. Da fitilar waya na gano notin.

Jama'a, lamba biyu ake rubutawa a jikin kwalin tocila, lumen da kandela, mu kuma lumen kaɗai muke dubawa. Lumen shi ne yawan hasken da tocila ke fitarwa gaba ɗaya. Kandela kuma ƙarfinsa ne a tsakiya, inda aka tattara shi. Kamar tiyon ruwa ne: ka danne bakinsa da babban yatsa, ruwan ya yi tsiri ya tafi nesa, amma ko ɗigo bai ƙaru ba. Shi ya sa za ka ga tocilar nan mai aiki da leza, LEP, da lumen 500 kacal ta zarce kilomita guda, ta bar mai lumen 3,000 a baya. Nesan ma da tsada yake zuwa. Kandela 40,000 na ba da mita 400, amma kafin ka kai mita 800 sai ka nemo 160,000, wato ninki huɗu.

Mitocin nan da ake rubutawa ma a bi su a hankali. Ma'aunin ANSI FL1 da aka fitar a 2009 yana ƙirga nisa ne zuwa inda hasken ya ragu ya koma lux 0.25 (lux ma'aunin hasken da ke sauka a kan abu ne), kwatankwacin farin wata a daren sha huɗu. Da wannan za ka san akwai abu a wurin, amma kare ne ko kututture, sai dai ka yi canki. Ni dai idan na ga mita 800, rabi nake ɗauka, in da ƙura ko hazo kuwa ko rabin ba na sa rai. Haka awannin batir: ana ƙirga su har sai hasken ya sauka zuwa kashi 10 cikin 100 na farkonsa.

Sai zafi. Babbar lambar lumen ɗin ta matakin turbo ce, wato mafi ƙarfin haske, kuma cikin minti ɗaya ko biyu kan tocilar zai ɗau zafi, ta rage hasken da kanta don kada ta ƙone. Tocilar Imalent MS18 da aka rubuta wa lumen 100,000 har fanka aka sa mata a ciki. Wa zai sa wannan a aljihu?

Ban ce mai harba nesa ba ta da rana ba. Mai gadin babban fili, ko masu neman wanda ya ɓata cikin dare, ita ce abokiyar aikinsu. Amma yawancinmu me muke haskawa? Matakala, cikin injin mota, makullin da ya faɗi. Duk ba su wuce taku ashirin ba, kuma abin da suke so shi ne haske mai faɗi da maɓallin da hannu ke samu a duhu ba lalube.

Tawa ta kullum batir ɗaya take ci, 18650, mai cin caji. (Idan ka ga an rubuta wa irinsa 9,900mAh, wato yawan cajin da yake ɗauka, ajiye shi, na kirki a wajen 3,500 suke tsayawa.) Abin da na fi so a jikinta shi ne matakin ƙasa, wanda bai wuce lumen ɗaya ba. Da shi nake tashi tsakar dare in nemi takalmina, yaro na barci a gefe ko motsi bai yi ba.