Motar caji a gidan haya mai mita ɗaya

Ƙorafina a kan dillalan mota ne, masu fito da motocin nan na fetur da lantarki daga tashar jiragen ruwa ta Tema a nan Gana suna ce wa mutane sun rabu da gidan mai. Wallahi rabin gaskiya suke faɗa, sauran sai ka biya kuɗinka ka gano da kanka.

Batirin irin wannan mota yana iya kai mutum kilomita 40 zuwa 60 injin bai tashi ba, amma fa sai an cika shi da daddare. Tafiyata daga unguwar Madina zuwa Circle a cikin Accra da dawowa bai kamata ta ci min fetur ba. To a ina zan cika? Gidan haya nake, mita ɗaya muke zuba wa kuɗi mu duka. Tunda na fara jona motar caji kuɗin mita ya daina kai mu ƙarshen wata, maƙwabta suka taso min, kuma gaskiyarsu ne. Hajiyar da ke ɗakin ƙofa, fanka ɗaya gare ta da ƙwan fitila, don me za ta biya min kuɗin zuwa aiki? Na nemi a sa min mita tawa, har yau je-ka-ka-dawo ake yi da ni a ofishin wuta.

Daren da aka yi sulhu kuma, sai dumsor, wato yawan ɗauke wuta. A ɗauke wuta tsakar dare, asuba ta yi batir bai kai rabi ba. Nan ne abin ke ƙona min rai. Batirin da babu caji yawancinsa nauyi ne kawai, injin ne ke jan sa, kai kuma kana sayen man. Ka maƙale a cunkoson mahaɗar Tetteh Quarshie, trotro (bas ɗin haya) ya danno ta dama, okada ta hagu, rana na dukan gilashi, in ka kunna na'urar sanyi ɗan cajin da ya rage ya ƙare kafin ka kai Asibitin Sojoji na 37.

Ko wayar cajin ma ba a yi min bayani ba. Tawa daga Amurka ta zo, an yi ta don wutar 120, ta Gana kuwa 230 ce, dole na sayi wata. Fitan unguwa, wato makanike, yana ganin wayoyin batirin nan masu launin ruwan lemo ya ce, "Alhaji, ka rufa min asiri, wannan ba aikina ba ne." Ban ga laifinsa ba, wutar da ke cikinsu tana kisa. A Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota, kuwa kayan gyaranta sai an yi maka oda. Ga damina: batirin a ƙasan mota yake, duk wanda ya san yadda kogin Odaw ke cika ya malale Circle ya san fargabar da nake ciki.

Dillali, kafin ka karɓi sidi ɗaya a hannun mutum, tambaye shi ko yana da mita tasa da wurin ajiye mota kusa da soket. In ba shi da su, ka ce masa motar nan ba tasa ba ce.