Tess, kamar 'yar unguwarmu

A ƙungiyar karatu ta laburaren garin da nake zaune a Ingila muka ɗauki littafin Thomas Hardy, Tess of the d'Urbervilles, wanda ya fito a 1891. Abokan karatuna Turawa tarihi suka ɗauke shi, suna ta girgiza kai wai haka kakanninsu suka rayu. Ni kuwa ina karantawa fuskokin da na sani a Zariya suna gilma mini.

Daren auren Tess, jarumar littafin, shi ne ya tsaya mini a rai. Ango, Angel Clare, shi ya fara buɗe ciki: ya taɓa yin kwana biyu da wata mata a Landan. Nan take Tess ta yafe masa, har ta ji ƙarfin faɗin nata, yadda Alec, ɗan gidan da ta yi wa aiki, ya auka mata tana barci a daji, ta haihu, jaririn ya koma. Sai gogan naka ya ce ai ba ita ce matar da ya so ba, ya kama hanyar Burazil. Shi da ya je wa waccan matar da ƙafarsa!

Doka ma bayansa take. Dokar saki ta 1857 ta yarje wa miji ya rabu da matarsa kan zina kaɗai, ita kuwa sai ta haɗa da wata hujja, kamar azabtarwa ko gudu ya bar ta. Sai 1923 aka daidaita. Da Hardy ya rubuta a ƙarƙashin sunan littafin cewa Tess mace ce mai tsarki, masu sharhi suka yi masa caa.

A gida fa? Saurayi ya gama sheƙe ayarsa, a ce ƙuruciya ce, a ba shi mata ko zai natsu. Yarinyar kuwa tabon ba ya gogewa, ɗanta ya tashi da sunan da kowa ya sani, ƙannenta ma su rasa manema. Kada wani ya laɓe da addini. Aya ta 2 a Suratun Nur mace da namiji ta ambata, bulala ɗari-ɗari, kuma wadda aka fi ƙarfinta ba ta da laifi.

Na faɗi haka a zaman, ina tsammanin za a dube ni da tausayin baƙo. Sai wata dattijuwa ta ajiye kofin shayinta, ta ce a shekarun 1960 aka karɓe jaririn yayarta don ba ta da aure, kuma har iyayensu suka mutu ba a sake ambaton yaron a gidan ba.