Kwanon Awon Alkaki

A wani gida da ke Argungu, saura kwana uku a kai garar wata jika da aka aurar zuwa Jega. An riga an daka nakiya da shinkafar fadama an rufe a fanteka, dublan ma an soya, alkaki kaɗai ya rage, shi kuwa a gidan nan ba mai taɓa shi sai Kaka. 'Yar Boko, jikarta da ke karatu a jami'ar Aliero, ta fito da littafi da biro da ɗan sikeli mai batir. Malam, mijin Kaka, yana zaune a kan buzu yana jan carbi, amma idonsa na kan fantekar nakiya.

'YAR BOKO: Kaka, yau sai kin faɗa mini yadda kike haɗa alkakin nan in rubuta, domin ranar da ciwon ƙafa ya kwantar da ke kada mu kai wa mutane gara da cincin kaɗai mu sha kunya.

KAKA: Kishiya, ranar mutuwata kike nufi, kara ce ta sa kika ce ciwon ƙafa. To, rubuta. Za ki sami alkamar da ta sha hunturu a ɓarza miki ita, kada ta yi laushin gari, kada kuma ta yi kaushin tsakin kaji, sannan ki ɗebi gwargwado.

'YAR BOKO: Gwargwadon nan giram nawa ne?

KAKA: Shi Giram ɗin ɗan wace unguwa ne? Gwargwado dai gwargwado. Ki murza ta da man gyaɗa har sai in kin dunƙula a tafin hannu ta kama jikinta, ki zuba ɗan nono mai tsami, ki kwaɓa da tauri, ki rufe ya kwana.

'YAR BOKO: Awa nawa zai yi a rufe?

KAKA: In lokacin zafi ne, daga sallar isha'i zuwa asuba. In kuwa sanyi ake yi, sai ki jira har kakanki ya gama tarin safe ya fara cigiyar koko.

MALAM: Amarya, rubuta ƙarfe tara, domin ni ba na saɓa lokaci. Af, Hajiya, nakiyar nan kuwa kin tabbata kanumfari da citta sun ji? Kada a kai wa surukai abu salam. Miƙo in duba muku.

KAKA: Ba kai likita ya hana wa zaƙi ba?

MALAM: Ci ya hana ni, bai hana ni ɗanɗano ba, kuma a gaban shaidu ya faɗa.

Aka gutsura masa ɗan kaɗan don a zauna lafiya. Ya ce bai ji da kyau ba saboda ta ɓangaren da ba haƙori ta bi.

KAKA: Da safe ki yayyafa ruwan kanwa kaɗan don ya kashe tsamin, ki murza ki mulmula kamar igiya, ki naɗe shi. Wajen suya kuwa nan ake gane mace mai haƙuri, domin in kin cika wuta, baya ya yi ja ciki yana ɗanye. Kina tsamewa ki jefa shi cikin ruwan sukarin da kika dafa da lemun tsami, shi lemun ne ke hana sukarin daskarewa ya yi fari a jiki. Uwata da zuma take yi, Allah ya jiƙanta, amma yau wa zai sayi zumar da za ta ishi gara?

'YAR BOKO: Kin ga, Kaka, shi ya sa na fi son kek. Komai nasa a rubuce yake: fulawa kaza, bota kaza, ƙwai kaza, minti arba'in a tanda ta lantarki, shi ke nan.

KAKA: Kek ɗin da aka ɗauke wuta bara yana tsakiyar tashi, kika zauna kina kuka? Wa ya zuba yashi a gindin tukunya, ya jera miki shi a gwangwanayen madara, ya ɗora garwashi a kan murfi har ya gasu? Littafinki ne?

'YAR BOKO: Na ji, na kuma gode. Amma dai alkamar nan ba da hannu kike ɗiba ba, na sha ganinki da wani tsohon kwano.

KAKA: Yanzu kika zo kan magana. Kwanon nan na silba yana cikin kayan ɗakina, a shekarar da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira aka kawo ni da shi.

'YAR BOKO: Wato 1973.

KAKA: Ku kuka san wannan. Alkakin farko da na yi a gidan nan, kwano uku na auna kamar yadda uwata ta koya mini, mai ludayi biyu, amma ya fito kamar dutsen guga. Kakanki ya ɗauka a gaban abokansa ya ce a kai kogin Matan Fada a ɗaura wa masunta a gindin taru, ko giwan ruwa ya haɗiye shi ba zai ƙara tasowa ba.

MALAM: Ƙuruciya ce, kuma gaskiya na faɗa.

KAKA: Ni kuwa da ya shigo na wurga masa kwanon, ya same shi a goshi, gefe guda ya loɓa. Washegari na sake auna kwano uku da shi a loɓe, sai alkaki ya fito yana narkewa a baki. Ashe ludayin gidan nan bai kai na uwata girma ba, alkama ce take rinjayar mai, loɓawar nan ita ta rage abin da ya kamata a rage. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, duk garar da ta fita daga gidan nan da wannan awo aka yi ta. Tashi ki ɗauko shi a bayan randa ki ɗora a sikelin naki, in ya so ki rubuta Giram ɗin.

'Yar Boko ba ta tashi ba. Ta rufe biro, ta buɗe, ta sake rufewa.

'YAR BOKO: Kaka, dama akwai abin alherin da na yi miki, ina jira sai an gama aiki in nuna miki. Jiya na ga kwanon ya yi muni, sai na kai wa maƙeri a kasuwa ya buge shi ya miƙe sumul, har ya goge shi da toka. Naira ɗari biyar na biya daga kuɗin motata.

Tsakar gida ta yi tsit, har tattabarun da ke kan katanga suka daina kuka. Kaka ta karɓi kwanon, ta juya shi, ta shafa inda loɓawar take a da, sannan ta ɗaga kai a hankali ta dubi mai gidanta.

KAKA: Malam, cire hularka.

MALAM: Hajiya, ki ji tsoron Allah! Kan da kika auna da shi a wancan zamani yana da suma, na yanzu kuwa sanƙo ne tal, awon ba zai zo daidai ba, ki ɓata alkamar mutane a banza.

KAKA: In bai yi daidai ba sai a mayar wa maƙeri a sake gwadawa, ai saura kwana uku.

'YAR BOKO: To ni Kaka, a cikin kayan haɗi zan rubuta goshin Malam, ko a cikin kayan aiki?

KAKA: Ajiye biron nan, kishiya, ki tare mini ƙofar zaure.