Ranar da na tuge rumbun shafuka

A shagona na intanet da ke wani ƙauye kusa da Gumel akwai wani baƙin akwati da na gada daga wanda ya sayar mini da shagon, tun zamanin da intanet ke jan ƙafa kamar jakin da aka labta wa kaya. Manhajar Squid ce a cikinsa, aikinsa kuwa irin na rumbu ne: duk shafin da wani ya buɗe sai ya ajiye kwafinsa, idan wani ya sake nema ya miƙa masa daga gida, ba sai an ƙona data ba. To amma yanzu kusan kowane shafi a kulle yake zuwa da HTTPS, akwatin ba ya ganin abin da ke ciki balle ya ajiye, sai shan wutar sola da gurnani.

Wata Alhamis, ganin gari ya watse zuwa kasuwar Maigatari, na zare wayoyinsa, na haɗa kwamfutocina shida kai tsaye da na'urar rarraba intanet. Da na buɗe bayansa ma sai na tarar zanzaro ya yi gini hawa biyu a jikin fankar.

Ban gama kakkaɓe hannu ba sai ga wani malamin makaranta da ɗalibai tara za su cike fom ɗin jarrabawa, kuma a ranar ake rufewa. Babu kwamfutar da ta buɗe ko shafi ɗaya. Na kashe na kunna, na hura wayoyi da baki, na ɗora wa kamfanin sadarwa laifin da bai ji ba bai gani ba, daga ƙarshe na hau kwano da tsakar rana ina juya eriya, malamin yana ƙasa yana cewa, "Alhaji, a ɗan karkata arewa." A wajen saukowa ƙusa ta farke mini wando.

Ɗan ƙanwata, ɗan aji uku a sakandare, shi ya leƙa saitin ya ce, "Kawu, ai kowace kwamfuta an rubuta mata ta bi ta akwatin, ga adireshinsa, ga ƙofa ta 3128. Suna can suna ta sallama a gidan da ka rushe."

Cikin minti biyar ya goge saitin a dukkansu, amma intanet ta ƙi dawowa, domin na riga na juya eriyar ta fuskanci Nijar. Haka na sake hawa kwanon da yagaggen wando, wannan karon yaron ne a ƙasa yana ba da umarni.